Gyaran Tsohuwar Jitar Lantarki da Sake Mata Fenti: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi yawan fitowa daga bakin wanda tsohuwar jitar lantarki ta faɗo hannunsa, ko gadonta ya yi, ko a gwanjo ya tsince ta, ko a ɗakin ajiyar wata tsohuwar ƙungiyar makaɗa. Kusan kowa da maganar fenti yake farawa, don haka da ita za mu fara.

Fentin jitar duk ya tsattsage, wani wurin ma katako ya fito. In kankare shi in fesa sabo?

Dakata tukuna, ajiye sanfefar nan. A duniyar tsofaffin jitoci, fentin asali shi ne rabin dukiyar. Dillalan Amurka da Ingila sun daɗe da yin ƙa'ida a tsakaninsu: jitar da aka sake wa fenti, komai kyan aikin, kuɗinta na faɗuwa da wajen rabi. Wato mutum ya kashe kuɗin feshi, ya ɓata wata guda, ya ƙare da kayan da bai kai darajar da yake da ita a ranar da ya ɗauko shi ba. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa, ko da yake a yau in maganar jita ake yi, mutanen Agadas sun fi kowa a yankinmu iya sarrafa ta.

Waɗannan siraran tsage-tsage masu kama da fashin ƙasar fadama a lokacin bazara ba cuta ba ne. Katako yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, fentin da ke kansa kuma ya bushe ya yi tauri, ba ya iya bin sa, sai ya tsage. Inda fenti ya goge a saman gangar jikin, gurbin hannun makaɗi ne na shekara arba'in ko hamsin. Masu saye wannan suke nema. Tun 1995 kamfanin Fender, mai ƙera jitoci a Amurka, ke sayar da sababbin jitoci da aka tsufar da gangan, a ƙwarzane su, a dusasar da ƙarafansu, kuma sun fi masu ƙyalli tsada. Abin da wasu ke biyan kuɗi a ƙirƙira musu, kai kana da na gaske.

To ta yaya zan san ko tawa tana cikin masu daraja?

Sunan da ke kan jitar shi ne shaida mafi rauni, don tambari takarda ce da kowa zai iya mannawa. Lambar da ke kan farantin ƙarfen bayan wuya ma ba a cika dogara da ita kaɗai ba: Fender ba ya bin jerin lambobin daki-daki a zamanin da, kuma farantin sukuru huɗu ne kawai ke riƙe da shi, kowa na iya musanya shi.

Shaidar tana ciki. A jitocin Fender wuya da sukuru aka ɗaure shi, in ka sassauta tsirkiya ka kwance shi a hankali, sau da yawa za ka ga wata da shekara a gindinsa, da fensir a shekarun 1950, da hatimi daga 1962. Sai maɓallan ƙara sauti da rage shi: a bayan kowane akwai lamba. Ukun farko na kamfanin da ya ƙera shi ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole. Ragowar shekara ce da mako. Idan ka ga 1376512, an ƙera maɓallin a mako na 12 na shekarar 1965, jitar ba za ta girmi wannan ba muddin maɓallin nata ne na asali.

Shekarun da ake rububi sanannu ne. Leo Fender ya fitar da jitar da ta zama Telecaster a 1950 a Fullerton ta jihar Kalifoniya, Stratocaster ta biyo a 1954, sannan ya sayar da kamfanin ga kamfanin watsa labarai na CBS a watan Janairun 1965. Duk abin da aka yi kafin cinikin nan ya fi tsada. A ɓangaren kamfanin Gibson na garin Kalamazoo, jitar Les Paul ta fito a 1952, kuma waɗanda aka yi tsakanin 1958 da 1960 masu launin fitowar rana, kimanin 1,700 ne kacal, ana sayar da kowace a kan ɗaruruwan dubban daloli.

Maganar gaskiya, abin da ya fi isowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo jitocin Japan ne da Koriya: Teisco, Guyatone, Greco, Tokai, Squier. Kada a raina su. Wasu na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 sun fi na Amurka na lokacin kyan haɗi, kuma su ma yanzu sun samu masu nema.

Mene ne wannan naitiro da ake ta ambato?

Naitiroselulos, fentin motocin Amurka ne na da. Kamfanin DuPont ya yi suna da shi a shekarun 1920, masu jita suka ara. Launukan Fender na musamman ma daga kundin fentin mota aka ɗebo su, Fiesta Red daga Ford, Sonic Blue daga Cadillac. Halin naitiro shi ne yana bushewa ta hanyar tashin tinar da ke cikinsa, wato ruwan tsinka fenti, ba ya rikiɗa ya zama wani abu daban. Saboda haka ko bayan shekara sittin, in tina ta taɓa shi zai narke. Wannan rauninsa ne, kuma shi ne alherinsa: sabon shafi yana narkewa cikin tsohon su zama ɗaya, ana iya cike ɗan gurbi ba tare da an taɓa sauran jikin ba.

Wajen 1968 Fender ya koma fenti mai kauri irin na roba, wanda makaɗa ke kira foli. Shi wannan in ya daskare ya daskare ke nan, tina ba ta yi masa komai. Gibson kuwa har yau yana kan naitiro. Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a jitocin Fender na shekarun 1970: fuskar kan jitar takan yi duhu kamar ruwan shayi alhali sauran wuyan fari ne. Ba gyara aka yi ba. Fuskar ce kaɗai aka ci gaba da fesa wa naitiro saboda tambarin, shi kuma yana yin rawaya da tsufa.

Gwajin gane su: ɗigo ɗaya na asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce, a kan auduga, a taɓa wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin farantin roba. In ya yi danƙo naitiro ne.

Shin fentin yana canza sautin jitar?

Ana ta musu a kan wannan, ni dai ban taɓa jin bambancin da ya kai na canza tsirkiya ba. Kada wannan ya zama dalilin kankare fenti.

Yaushe ne sake fenti ya zama daidai?

Idan wani ya riga ka ɓata ta. An taɓa kawo mini wata tsohuwar jitar Japan da aka shafe da fentin ƙofa, kore shar, da burushi, har kan sukurori da gefen fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, gashin burushin ma yana nan maƙale a ciki. Irin wannan babu abin da ya rage da za a kare. Haka wadda ruwa ya ci har fenti ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, ko wadda aka fafe jikinta aka cike da katako. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da ba wanda ya ɗauki waɗannan jitoci a bakin komai, mutane sun yi ta huda su don saka manyan fikof da sababbin maɗauran tsirkiya, sun yi ta kankare su har katako. Waɗannan su ne abincin mai feshi.

Ko a nan ma a bi sannu. Wani lokaci fentin asali na nan lafiya a ƙarƙashin na banzan. A waccan koriyar, da na ɗaga farantin roba sai ga ja mai sheƙi kamar jiya aka fesa. Kwana huɗu na yi ina bin koren da sanfefa mai laushi da ruwa, tafin hannu bayan tafin hannu, aka ceto fiye da rabin jan.

Idan ba zan yi fenti ba, da me zan tsabtace ta?

Tsumman auduga mai laushi da ɗan hucin bakinka sun isa ga yawancin datti. Ga maiƙon gumi da ya daskare, ruwan laita, wato nafta, ba ya cutar da naitiro. A guji man goge daron mota da na kujeru, don akasarinsu na da silikon, wanda ke shiga cikin tsagar fenti ya zauna a katako, duk ranar da aka zo gyara sabon fenti ya ƙi kamawa, ya yi ta ramuka kamar idon kifi.

Turare ma abokin gaba ne. Wanda ya fesa turare a riga ya rungumi jita, ko ya shafa man sauro a dantse, zai iya barin tabo da ba ya fita. Haka robar da ke jikin wasu matsayan jita da igiyar rataya ta leda: in suka daɗe manne da naitiro sai su narkar da shi. A naɗa tsumma a wurin.

Ƙarafa masu tsatsa a kwance su, a jiƙa da ɗan mai, a goge da tsohon burushin haƙori. Ba sai sun koma sababbi ba. Duk sukurun da ka cire ka sa shi a 'yar leda ka rubuta inda ya fito, domin tsofaffin sukurorin Amurka ma'aunin inci ne, na kasuwa na milimita ba za su zauna daidai ba.

Na yanke shawarar sakewa. Yaya ake cire tsohon fenti?

Kafin komai ɗauki hoto ta kowace fuska, har da yadda wayoyi suka haɗu. Kwance duk abin da ke kwantuwa. Sannan rufe ramin da wuya ke zama da ramukan fikof da salatef ɗin takarda: a nan ne kwanan wata da rubutun ma'aikata da ragowar launin asali suke, su ne takardar haihuwar jitar.

Naitiro asiton ke cire shi da tsumma. Foli kuwa sai da bindigar iska mai zafi da abin kankara mara kaifi, ana motsa hannu kada katako ya ƙone. Abin da ba a so shi ne injin sanfefa. Yana cinye gefuna, ya shafe lanƙwasar ciki da ta hannu da aka sassaƙa a jikin Stratocaster, kuma katakon da ya tafi ba ya dawowa. Mai ido daga nesa yake gane jikin da inji ya ci. Idan jitar mai fuskar falle ce, siririn katako mai ado da aka manna a kan na banza kamar yadda aka yi a yawancin na Japan masu araha, minti ɗaya na ganganci ya isa a huda shi. Sanfefar hannu mai lamba 220, sannan 320, a kan ɗan katako mai baki ɗaya, ana bin tsawon jijiyar icen.

Gibson wuyanta da gam aka haɗa, kuma akwai farin zobe na roba a gefen jiki wanda asiton ke narkarwa. Wannan aikin gwani ne.

Matakan feshin fa?

Sai an fara sanin icen. Fender ya yi amfani da ash da farko, ya koma alda a 1956 ga yawancin launuka. Gibson kuwa mahogani ne, ɗan'uwan maɗacinmu. Ash da mahogani suna da ƙananan ƙofofi a jiki, dole a cike su da abin cike ƙofa kafin fenti, in ba haka ba fentin zai yi ta nutsewa kamar ƙasar rairayi na shan ruwa. Alda da mefil ba sa bukata.

Bayan nan shafin rufe katako, sai farin fenti na ƙasa idan launi mai rufe ice za a sa, sai launin, sai ruwan sheƙi na sama. Sirri ɗaya ne: sirara-sirara. Shafi biyu zuwa uku a yini, da tazarar awa ɗaya ko biyu, har a tara kamar takwas zuwa goma sha biyu na ruwan sheƙin. Wanda ya ce bari ya yi mai kauri sau biyu ya huta, zai ga fenti na zubar hawaye.

Sai mataki mafi wuya, wanda ba a yin komai a cikinsa. A rataye ta mako uku zuwa huɗu. A sama za ta yi kamar ta bushe tun kwana biyu, amma tina na ci gaba da fita daga ƙasa, fentin na ci gaba da tsukewa. Tsofaffin masu aikin da hanci suke gwadawa: muddin kana jin warin tina in ka kai hanci, ba ta nuna ba. Da ta nuna sai a bi ta da sanfefar ruwa daga 800 har 2000, a goge da man sheƙi. A kiyaye ruwa kada ya shiga ramukan sukuru, yana kumbura katako ya fasa sabon fenti a kewayen ramin.

Lokaci ma na da nasa. Da damina, in laima ta yi yawa, naitiro yakan kama danshi ya yi fari-fari kamar hazo. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti. A yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin feshi. Kuma hayaƙin naitiro yana kama wuta nan take, yana kuma cutar da huhu: ba sigari, ba janareta a kusa, ba garwashi, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, sai mai matatar gawayi.

Mai fentin mota zai iya yi mini?

Hannunsa ya saba da bindigar feshi, wannan rabin aikin ne. Matsalar ita ce ya saba da ƙarfe da fenti mai kauri da cike lotsawa da foti. A tsaya a kansa, a ce masa siriri ake so, kada ya fesa cikin ramin wuya, kada kuma ya shanya ta a rana kamar ƙofar mota.

Fikof ɗaya ba ya magana, maɓallai kuma na ƙarar ƙarce-ƙarce. In canza su duka?

A'a. Ƙarar maɓalli galibi datti ne, ɗan feshin wanke mahaɗar lantarki da juyawa sau ashirin na kawar da ita. Fikof kuwa mayen ƙarfe ne da aka naɗe da waya ta jan ƙarfe mai sirantar gashi, zagaye dubbai. A auna shi da mita. Na tsohuwar Stratocaster yakan nuna wajen om 6,000, tagwayen fikof na Gibson da Seth Lover ya ƙirƙira, waɗanda suka fara fitowa a 1957, sukan nuna 7,000 zuwa 9,000. Idan mita ba ta nuna komai ba waya ta tsinke, kuma sau da yawa a bakin inda aka like ta da dalma ne, taɓawa ɗaya da ƙarfen soda ta farfaɗo. Sai wannan ya gagara ake maganar sake naɗi.

Masu saye har ɗigon dalma suke dubawa su ga ko an taɓa shi. In dole ta sa ka canza wani abu, ajiye tsohon a akwatin jitar. Kuma kada soson ƙarfe ya kusanci fikof, ɓurɓushinsa na mannewa a mayen ya shiga cikin naɗin.

Wuya ya lanƙwashe, ƙarafan kansa kuma sun cinye.

A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe mai noti da ke ja da ƙarfin tsirkiya. Danna tsirkiya a firet na farko da na ƙarshe, wato ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan, ka duba tsakiya: tazarar da ake so ba ta wuce kaurin katin kasuwanci ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. A sassauta tsirkiya, a ɗan kwance notin kafin a ɗaure, a sa masa ɗigon mai, a juya rubu'in zagaye kawai, a bari ya kwana. In ya ƙi, ka ƙi. Sandar da ta karye a ciki tana cikin matsalolin jita da suka fi tsadar gyara.

Canza firet kamar canza tayar mota ne, masu kiɗa ba sa ganin laifinsa. Amma mai gyaran ya san cewa har farkon shekarun 1980 Fender daga gefe yake zura su, ba daga sama yake buga su ba. Wanda ya fizge su sama zai ɓantaro katako.

Kan Gibson ɗina ya karye. Ta mutu ke nan?

Ba ta mutu ba. Ciwon gidansu ne: kan ya karkata baya da digiri 17 a tsofaffin, icen mahogani ne, kuma daidai wurin aka fafe don notin sanda. Faɗuwa ɗaya daga jingine ta isa. Sassauta tsirkiya nan take, kada ka yi ta haɗa bakin karayar kana gwadawa, tattara kowane ɗan tsinke. Da gam ɗin katako ko na fata da matsi mai kyau, wurin yakan riƙe har abada. Sufa gulu da ƙusa kuwa sukan mayar da gyaran yini ɗaya ya zama na mako.

Farantin robar gaba ya tsuke yana wari, ƙarafan kusa da shi sun yi kore.

Selulod ne, wato tsohuwar robar da aka yi farantin da ita, yake ruɓewa, hayaƙinsa kuma na cin ƙarfe da fenti. Cire shi, ka ɗaure shi da sukuru a kan wani katako don kada ya ƙara tsukewa, ka ajiye shi nesa da wuta, ka bar akwatin jitar a buɗe ya sha iska.

Me hunturu ke yi wa jita?

Katakon jita ya fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Damagaram cikin Janairu iska kan bushe ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Allon wuya sai ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, sai bakin firet ya fito yana yankar yatsa. Ɗan soso mai danshi a cikin kwanon sabulu mai huji, a cikin akwati, yana taimakawa. Kada a bar jita a but ɗin mota da rana, zafin yana sassauta gam.

Ta zo da tsohuwar amfilifayarta. In jona kawai?

Kada ka kuskura. Ta Amurka wuta 110 zuwa 120 aka yi ta don ta, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, sai da taransifoma mai sauke wuta. Sannan tsofaffin filoginsu ƙafa biyu ne, babu ta ƙasa, kuma tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya. In wani abu ya lalace a ciki, wutar ta hannunka za ta bi, musamman in leɓe ya taɓa makirufo. A kai wa mai gyaran rediyo da ya san tsofaffin na'urori masu kwalaben gilashi a ciki ya sa mata waya mai ƙafa uku, ya duba kwandensoshinta. Su waɗannan suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare filogi, don haka ba wurin tura yatsa ba ne.

Bayan na sake mata fenti, dole ne in faɗa wa mai saye?

Dole ne, ɓoye aibin kaya algus ne. Kuma asirin ba ya rufuwa: a ɗaki mai duhu, ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi, tsohon naitiro yakan yi wani haske kore-kore, sabo kuwa ba ya yi, duk inda aka taɓa sai ya fito kamar faci a riga. Rubuta shekarar da aka yi aikin da fensir a cikin ramin fikof, ka haɗa wa mai sayen hotunan da ka ɗauka tun farko da ledar tsofaffin sukurori.